Hutun da Aka Ba Baba Mumuni

Damina ta yi nawa bana. Tun farkon wata hadari ke tasowa daga wajen teku, ya yi baƙi ƙirin a kan Nima har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi kamar an kori kaji. Zafi kuwa ba a magana. Jiya ina zaune a ƙofar ɗaki ina fifita, jikata Adiza ta dawo daga aiki ta zube a tabarma, ta ce an yi musu sabon shugaba a kamfani, ya zo da sabon tsari, tsofaffin ma'aikata duk an ce su je su huta, har da walima da kyaututtuka. Tana faɗa tana murna, don ita ƙarin girma aka yi mata. Na ce Allah ya sanya alheri. Amma tuwon da ta ajiye mini sai da ya huce a gabana, don hadarin nan da ba ya zubarwa da maganar hutun nan sun haɗu sun mayar da ni wata shekara da ba na son komawa.

Duk wanda ya kai shekaruna a Accra ba sai an faɗa masa wace shekara ce ba. Ita ce shekarar da ruwa ya ƙi, wuta ta cinye daji da gonaki, aka kuma koro mutanenmu daga Legas suka dawo mana da ƙunshi a ka. Ni a lokacin na haura talatin, mijina ya rasu, na dawo gidan ubana da 'ya'yana, kuma aikina a gidan shi ne tukunyar ma'aikata.

Ubana, Alhaji Seidu, yana da gidan burodi a bayan gidanmu, kusa da babban kwatan nan da ya raba Nima da Maamobi. Ba wani babban wuri ba ne: rumfar kwano ce, da dogon teburin murza kwaɓi, da tanderu na laka mai kama da rumbu. Ma'aikatansa kuwa daga ko'ina, akwai Zabarma, akwai Kotokoli, akwai Dagomba, har da wani ɗan ƙabilar Ga da ya musulunta, kowa yana karya Hausa yadda bakinsa ya ba shi. Albashi ba shi da yawa, kuma ba shi ne ya riƙe su ba. Tukunya ce ta riƙe su.

Kullum bayan azahar nakan fito da babbar roba cike da tuwo da miyar ayoyo, ranar Juma'a kuwa wake da shinkafa. Sai a shimfiɗa buhunan fulawa, kowa ya wanke hannu ya zauna, har da maigidan. Ubana bai taɓa cin abincin rana a kwano daban ba. Dokar tukunyar guda ce: duk wanda ya sa hannu a aiki ranar nan yana da haƙƙi a ciki, ba wanda zai ce masa ya ci da yawa, ba kuma wanda zai ce na gode. Yanzu idan na leƙa wurin, sai in ga kowane yaro ya koma lungu da abincinsa a leda, hannu ɗaya a baki ɗaya a waya. Ban ce ba sa ƙoshi ba.

Ba kuma mai kai hannu cikin robar sai Baba Mumuni ya yi bismilla ya raba kifi.

Baba Mumuni Bamoshe ne, dogo, siriri kamar muciya. A ƙafa ya gangaro daga arewa tun yana saurayi, ya yi ƙwadago a gonakin koko, sannan ya haɗu da ubana a Zongo, dukansu ba su da ko sisi. Su biyu suka kwaɓa lakar tanderun nan da ƙafafunsu. Ubana ya zama Alhaji mai gida da iyali, shi kuwa bai yi aure a nan ba, bai nemi rabo ba, ya zauna a ɗakin haya a Maamobi yana tsallako kwata kowace safiya. Aikinsa hura tanderu bayan sallar asuba, in wuta ta cinye a kwashe garwashi, sannan ya zura hannu a bakin tanderun ya ce ya yi ko bai yi ba.

Zuwa lokacin da nake magana, idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa. Kowa a wurin ya san in ya jera itace, Fuseini, babban mai murza kwaɓi, yakan zagaya ya gyara jerin in tsohon ya tafi alwala, kuma shi ma yakan gwada zafin a ɓoye. Ubana ne ya sa shi, ya kuma ce masa ranar da Mumuni ya gane, ranar shi Fuseini zai bar aiki. Sai ubana ya tsaya a tsakiyar rumfa ya ɗaga murya ya ce, "Mumuni, tanderu ya yi?" Kowa ya tsaya da gwangwanayen burodi a hannu, ba mai motsi sai tsohon ya gyaɗa kai. Da farko abin dariya yake ba ni. Sai daga baya na daina dariya.

Ubana ya rasu ana saura 'yan watanni yunwa ta shigo, Allah ya yi masa rahama, ya kuma rufa masa asiri bai gan ta ba. Gidan burodin ya ci gaba da tafiya da sabo, Fuseini yana duba aiki, ni ina duba tukunya.

Yunwar ba ta zo rana ɗaya ba. Da farko masara ce ta yi tsada, muka ce kaka na zuwa. Sai masu zuwa daga ƙauye suka fara ba da labarin wuta, wai rogo ya gasu a cikin ƙasa, ayaba ta tsaya baƙa kamar turaku. Lokacin ruwa ya zo, sama ta yi fari fat. Kasuwar Nima da ba ka samun wurin sa ƙafa ta koma tebura tsirara, mata na zaune a bayansu suna korar ƙuda daga abin da babu. Mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a dafa, ba ta samun dafawa, tun yana ɗanye a ganye ake wawashe shi daga hannunta, kowa ya je gida ya dafa nasa, don in ka jira ya nuna ba za ka samu ba. Mun dafa ɗanyen gwanda mun ce doya ce. Mun jiƙa gari ya kumbura ya cika kwano, muka yaudari yara da shi. Famfo ya ƙafe, wutar lantarki ta koma baƙuwa, sai ta ga dama. Maza masu ƙiba da muka sani ƙashin wuyansu ya fito, riga tana lilo a jikinsu. Kwatan nan ma, da yake ba ruwan da zai wanke shi, ya tsaya cik yana tashin wari cikin zafi, mu kuma ga cikinmu babu komai, sai warin ya hau kai.

Fulawa ta zama sai mai hanya, ko kuwa ka saya a hannun 'yan kalabule, masu ɓoye kaya, da tsadar da za ta sa ka zauna. A mako sai mu yi gashi sau biyu, wani makon ma sau ɗaya. Amma ma'aikata kullum suna zuwa, su share rumfa, su goge gwangwanayen da aka goge jiya, don dai a ce sun sa hannu. Ni kuma kullum ina fito da roba. Tuwon ya yi ta sirancewa har ya kusa zama koko, kifin ya koma kamar ɗan yatsa, Baba Mumuni na nan yana rarraba shi da farce kamar mai rabon gado. Na sayar da zannuwana na aure ɗaya bayan ɗaya don kada robar ta fito babu komai. Ko makaho ya san ba za mu ɗore a haka ba.

Cikin wannan hali ƙanena Issaka ya dawo cikin waɗanda aka koro. A Legas shugaban ma'aikata ne a wata masana'antar biskit, ya saba da ƙararrawa da aikin karɓa-karɓa. Shi ne namiji babba, don haka wurin nasa ne. Bari in faɗa tun yanzu, Issaka ba mugu ba ne. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, irin wanda in ka tambaye shi ko ɗinkinka ya yi kyau zai tsaya ya duba. Ya yi makonni yana zagaya rumfar, hannu a baya, yana duba yadda ake aiki. Sannan wata rana da la'asar ya tara kowa.

"In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza," in ji shi. "Fulawar da muke samu ba ta kai aikin rabinmu ba. Ba na son in kori kowa, amma in muka ci gaba haka, kafin Sallah za mu rufe, kowa ya rasa."

Ya raba su gida biyu, waɗannan su yi gashin wannan karo, waɗancan su yi na gaba. Ranar da ba gashi ba mai zuwa, ba kuma tukunya. Ranar gashi, masu aiki kaɗai ke ci. An yi gunaguni, wani Bazabarme ya tofa yawu ya ce Alhaji bai yi sanyi a kabari ba, amma daga ƙarshe kowa ya haƙura, da babu gara ba daɗi. Kuma dole in ba shi gaskiyarsa, tsarin nan ne ya tsirar da wurin. Gidajen burodi nawa suka rufe a Kotobabi da New Town a shekarar, ba su sake buɗewa ba.

Da ya tsaya a nan da ba ni da labari. Sai ya shiga gida ya fito da farar riga sabuwa da hula, da ɗan ƙunshin kuɗi a kai, ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, abin da ka yi wa gidan nan ba mai iya biyanka. Inda na yi aiki, dattijo kamarka ba ya tsugunawa gaban wuta. Daga yau ka huta. Duk wata abinka zai same ka har ɗaki."

Baba Mumuni ya dubi rigar, ya dubi Issaka. Hausarsa ta Zongo ce, gajeriya, ba ta da ado.

"Na yi laifi ne?"

"Ba ka yi komai ba, Baba. Girmamawa ce."

"To wa zai hura wuta?"

"Fuseini zai iya."

Fuseini ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Tsohon ya karɓi kayan da hannu biyu, ya ce, "Yoo. Na gode." Ya miƙe, ya ɗauki butarsa da ke rataye a ginshiƙin rumfa tun kafin a haife ni, ya tafi. Ɗaukar butar nan ce ta sa gabana ya faɗi.

Na tare Issaka a tsakar gida. Na ce masa ya yi ɓarna, garin gyaran gira zai tsokane ido.

"Yaya Memuna, tsoho yana shaƙar hayaƙi, ido ba gani, na ce ya zauna a biya shi. Ina ɓarnar? Kuma kin san ba shi ke aikin ba."

"Kowa ya sani. Baba ma ya sani."

"To in ina ce wa majiya ƙarfi su zauna gida da yunwa, da wane ido zan bar wanda ba ya komai a kan roba? Tausayi ba ya riƙe kamfani."

"Wannan ba kamfani ba ne, gidan ubanka ne."

Ya fi ni baki, ni kuma abin da na sani a cikina yake, ban iya fito da shi a jere ba. Na bar shi ina huci.

Ranar gashi ta zo, na fito da roba bayan azahar. Maza suka wanke hannu suka zauna, sai kowa ya tsaya yana kallon tuwon. Ga yunwa tana cin su, amma ba wanda ya san yadda ake farawa. Issaka na cikin gida, shi a faranti yake ci. Sai da tuwon ya fara yin fata sannan Fuseini ya yi bismilla can ƙasa-ƙasa, ya tura wa na kusa da shi kifin ya ce kowa ya gutsura.

Ni kuwa na riga na ɗebi rabon tsohon a kwano. Na rufe, na tsallaka katakon da ke kan kwata, na bi lungunan Maamobi har gidan da yake haya. Ya karɓe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi kowa da sunansa. Sannan ya leƙa waje ya kira yaran gidan, ya miƙa musu kwanon. Kafin in buɗe baki sun sa masa hannu kamar fara.

"Baba, naka ne fa."

"Memuna, yau ni ban yi aiki ba."

"Wannan doka ta yara ce, ba taka ba."

"Ni da ubanka mun sa shi. Ni zan karya?"

Na ce to ba daga tukunyar ma'aikata ba ne, daga hannuna ne, 'yarsa ce ta kawo. Ya yi murmushi ya ce abin da 'ya ta kawo wa wanda ba ubanta ba, sunansa sadaka, kuma shi bai gangaro daga ƙasarsu a ƙafa don ya ci sadaka a gidan da ya gina ba. Ƙarshen wata Issaka ya aika da abin da ya yi alkawari, aka dawo masa da shi ko kwancewa ba a yi ba. Wai na farko sallama ce, haƙƙin ma'aikaci ne, ya karɓa. Amma ba a sallamar mutum sau biyu.

Na koma na yi wa tsohon tas. Na ce girman kai rawanin tsiya ne, na ce ko a addini ba a ce mutum ya kashe kansa ba, na ce in ubana na da rai da ya ci masa mutunci. Ya bar ni na gama, ya ce bakina irin na uwata ne sak. Ya nemi aiki kuwa, ba zama ya yi ba. Ya je wurin masu itace, ya je wurin masu gawayi, ya je wani gidan burodi a Kotobabi ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Wa zai ɗauki tsoho mai rawar hannu a shekarar da samarin Legas ke yawo suna neman dako? Sai ya fara sayar da 'yan kayan ɗakinsa, rediyo, da bargo, da kujera, yana sayen gari.

Sai azumi ya kama, ya rufe komai. Ban taɓa ganin azumi irin wannan ba, don mun riga mun yi watanni muna yinsa ba lada. Sahur ruwa ne da ɗan gari, buɗa-baki koko ne tsararo da za ka ga fuskarka a ciki. Rana tana dukan kwanon rufi tun hantsi, hadari ya haɗu da la'asar, mu ɗaga kai da busasshen leɓe, ya watse. Liman ya fitar da mutane roƙon ruwa, suka dawo da gumi. A wata irin wannan kowa bakinsa a bushe yake, kowa tafiyarsa a hankali, ba ka bambance mai azumi da wanda ba shi da abin ci. Baba Mumuni yana zuwa masallacin unguwarsu da magariba ya sha kofi ɗaya na kokon da ake rabawa, don wannan a wurinsa na Allah ne, an dama wa duk mai azumi. Ashe shi ke nan abin da ke shiga cikinsa daga magariba zuwa magariba. Ni kuma ranar gashi ba na fasa kai kwano, har yaran gidan suka gane takuna, suna tarye ni tun daga bakin lungu. Ba laifinsu ba ne, su ma ƙasusuwa ne, amma wallahi na tsani ganinsu.

Aka yi Sallah ba sabon ɗinki ba ƙamshin miya, kokon masallaci ya tsaya. Ba a jima ba Mma Zenabu, maƙwabciyarsa mai sayar da sabulu, ta same ni ina wanke tukunya.

"Sista Memuna, tsohonku ba shi fita koraa, ko ƙofa. Ƙafa ya kumbura. Na ba shi koko, ya ce shi ya ƙoshi."

Na tafi da gudu-gudu. Na same shi zaune jingine da bango, ɗakin fayau ba komai sai buzu da buta da farar rigar nan a rataye. Ƙafafunsa sun yi suntum suna ƙyalli, na danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Daga gwiwa zuwa sama kuwa ba komai sai fata. Ya ce mini sanyi ne ya kama shi. Sanyi, a wannan zafin.

Ranar ban nemi tsakar gida ba, a gaban ma'aikata na sauke wa Issaka. Na ce mutumin da ya kwaɓa lakar tanderun da kake ci da shi yana can yana mutuwa, kuma ba abinci zai karɓa ba, aiki zai karɓa. Ya fara cewa sauran fa da ke zaman gida, sai Bazabarmen nan mai tofa yawu ya ce ba wanda zai yi ƙorafi, in ma loma ce a rage daga tasa. Fuseini ya goge hannu a jikin riga ya matso.

"Massa, in ka ce shi dawo kawai, ba zai zo ba. Ka ce ni ban iya ba. Ka ce burodi yana ƙonewa, kwastoma suna maido mana. Ni ban damu ba."

Issaka ya ce to. Muka kama hanya ni da shi, ina gaba yana baya, ina maimaita masa kamar mai koya wa yaro karatu: burodi na ƙonewa, Fuseini ya kasa, mutane na maidowa. Yana cewa ya ji, ya ji. Hadari ya sake haɗuwa a ranar, iska tana kaɗa ledoji a cikin kwata.

Da ya shiga ɗakin ya ga ƙafafun nan, sai da ya dafa bango. Bai zata abin ya kai haka ba, na gani a fuskarsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya yi kuskure, wurin ba ya tafiya daidai, yana roƙonsa ya dawo bakin aikinsa gobe, za a zo a ɗauke shi.

Idon tsohon ya ɗan yi haske, na rantse na gani. Ya gyara zama. Sannan ya kama hannun Issaka ya jawo shi kusa, don ba ya gani daga nesa.

"Issaka, ni na yanka ragon sunanka. Dube ni. Tun da na tafi, burodi ya ƙone?"

Ina bayan Issaka, na sa farce na mintsine shi a kafaɗa. Tsohon bai saki hannunsa ba, fuskarsu kusa da kusa.

"Bai ƙone ba, Baba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Fuseini ya koya." Ya saki hannun, ya koma ya jingina. "Ku je, Allah shi yi albarka. Memuna, jawo mini ƙofa, iska."

Na yi magana, na yi rantsuwa, na ce Issaka bai san komai ba don ba ya tsayawa gaban tanderu. Bai ƙara dubanmu ba. A kan katakon kwata Issaka ya tsaya ya ce, "Yaya, na so in faɗa. Ya ce in dube shi." Ubanmu ya yi shekaru yana yin ƙaryar nan kowace safiya da babbar murya, ya kuma je ya tsaya a sahun gaba ba abin da ya dame shi. Ban taɓa ƙin gaskiya ba kamar ranar nan, kuma na yi wata ban yi wa ƙanena magana ba.

Issaka ya riƙe gidan burodin har tsufansa, ya sa tanderun gas, ya sayi mota, ya yi ta canza tsari yadda zamani ya zo. Amma bai sake ce wa kowa ya huta ba. Kullum za ka tarar da wani tsoho a wurin yana shafa wa gwangwani mai ko yana korar awaki, Issaka na yi masa faɗa in ya makara. Wannan duk daga baya ne.

Washegarin zuwanmu muka je da Fuseini muka ɗauki Baba Mumuni da ƙarfi, ba shi da nauyin da zai hana, muka kai shi asibiti. Abin da ma'aikaciyar jinya ta ba shi ya sha, don ta ce magani ne. Amma cikin ya riga ya manta da abinci, abin da ya shiga ba ya zama. Ruwan sama ya sauko yana kwance a can, ɗan kaɗan, bayan gonaki sun gama mutuwa. Ya rasu kafin sabuwar masara ta shigo kasuwa. A farar rigar nan da bai taɓa sawa ba muka sami abin da ya rage na sallamarsa, a ƙulle, ya ce wa Mma Zenabu na likkafani ne.

Ranar sadakar uku Issaka ya fita kamar mahaukaci, ya bi kasuwar unguwar Madina ya bi ko'ina, ya sayo masara da shinkafa a hannun 'yan kalabule bai ko yi ciniki ba. Aka kafa manyan tukwane a bakin rumfa. Nima ta zo, Maamobi ta tsallako, mutanen da suka yi watanni ba su ga shinkafa ba suka zauna layi-layi suna ci suna yi wa mamaci addu'a. Ina tsaye da ludayi ina kallon buhunan, ido na mai tukunya ba ya kuskure awo. Abin da aka cinye a wunin nan da sunan Baba Mumuni ya isa ya kai shi har kaka. Ni na dafa.